Mas'alar Tsohuwar Mota: A Gyara Ko A Sauya?

Daga cikin mas'alolin da zamani ya haifar, waɗanda malaman da suka gabata ba su riske su ba balle su yi musu ta'aliki a gefen littafi, kaɗan ne suke hana magidanci mai matsakaicin ƙarfi barci irin mas'alar tsohuwar mota, wato motar da ta kai munzalin da idan aka murɗa mata makulli da safe sai ta yi tari uku ta yi shiru, ta bar mai ita yana duban agogo, yara kuma suna tsaye da jakunkunan makaranta suna dubansa. A nan ne zuciya takan rabu biyu, wani sashe ya ce a koma gareji, wani ya ce a rabu da ita a nemi wata, alhali aljihu, wanda shi ne alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa, yana gefe bai ce uffan ba tukuna. Saboda haka na ga ya dace in tattara abin da ya sawwaƙa na nasiha ga 'yan'uwan da wannan jarrabawa ta sama. Idan an yi dariya a hanya madalla, amma duk abin da zan faɗa har zuciya nake faɗinsa.

Sai mutum ya fara tabbatar da cewa mas'alar ta same shi, domin ba kowace mota mai tari ce ta tsufa ba. Alamomin kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Idan ka wayi gari ba ka ajiye mota sai a kan gangare, har ka san kowane tudu da ke tsakanin gidanka da masallacin Juma'a fiye da ma'aikatan safiyo, idan samarin unguwa da zarar sun hango ka da makulli a hannu sai kowa ya tuna an aike shi, idan but ɗinka ya cika da jarkar ruwa da galan ɗin baƙin mai da igiya da dutsen tare taya, har babu wurin buhun masara, idan bakanike ya haddace sunayen 'ya'yanka, ya kuma daina tambayar abin da ya kawo ka, sai dai ya ce, "Alhaji, yau kuma ina ne?", to, ɗan'uwa, gyara zama mu yi magana.

Abin da ya wajaba ka fara cirewa daga ranka shi ne zaton cewa zaɓinka yana tsakanin tsohuwa da sabuwa. An yi zamanin da haka ne. Lokacin da kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, daidai da shigowar kuɗin ƙarin albashin Udoji hannun ma'aikata, malamin ofis yakan karɓi bashin mota daga gwamnati ya fito da 504 sabuwa fil, kujerunta da leda, ya kuma ƙi cire ledar har sai ta yage don kanta. Wannan zamani ya wuce. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya tsuke hanyar 'yan Kwatano. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a 2024. Da yake kuwa da dala ake sayo mota da kayan gyaranta, wanda ya sayar da tasa yau da niyyar sauyawa, abin da kuɗinsa za su kai shi gare shi ita ce motar da wani ya gaji da ita, ko a Turai ko a Amurka ko a bayan layinsu. Hakikanin zaɓin ke nan: tsohuwar da ka san ciwonta, ko tsohuwar da ba ka san nata ba.

To, tun da haka ne, sai a koma ga hisabi, domin wannan mas'ala ba a warware ta da fushi, musamman fushin ranar da mota ta mutu da kai a tsakiyar shataletale ana ta danna maka oda. Ka bari zuciya ta huce, ka ɗauko takarda, ka rubuta duk abin da motar ta ci a shekara guda, ka kuma raba shi gida biyu. Gida na farko shi ne cin yau da kullum wanda kowace mota take yi ko da jiya ta sauka daga jirgi: baƙin mai, tayoyi, batir, takalmin birki, fulogi, sabunta takardu. Wannan ba laifin tsufa ba ne, kada ka zalunce ta da shi. Gida na biyu shi ne ainihin gyara, har da kuɗin Keke Napep da ka hau a ranakun da take kwance, da cinikin da ya wuce ka kana zaune a kan benci a gareji. Sa'an nan a ɗaya gefen takardar ka rubuta kuɗin motar da kake kwaɗayi, ka cire abin da za a ba ka a kan taka (abin da za a ba ka na ce, ba abin da kake jin ta cancanta ba), ka ƙara la'adar dillali da kuɗin sauya takardu, ka ƙara gyaran farko, domin ba a taɓa kawo amaryar mota gida ba tare da ta nemi taya ko shokazoba cikin watannin farko ba. Idan wannan cikon ya isa ya riƙe gyaran tsohuwar shekara uku ko huɗu, to hujja tana tare da tsohuwa.

Kada ka manta da mai, domin tun da aka janye tallafi shi ne shaidar da takan juya shari'a. Cika tanki, rubuta kilomita, yi zirga-zirgarka, sake cikawa ka ga lita nawa ta sha. Idan kuwa agogon kilomita ya riga ya yi ritaya, ka auna da tafiyar da ka san tsawonta. Mota mai kafireto wadda ba a daidaita ba tana iya cinye ribar duk haƙurin da ka yi da ita. Kuma wajen wannan hisabi ka zaunar da uwargida, domin ita ce ta san sau nawa kuɗin cefane ya rikiɗa ya zama famfon mai, kuma hadda tata a wannan babi ta fi taka inganci.

Yanzu sai mu zo ga ciwon kansa, inda na fi so mai karatu ya natsu, saboda galibin mutane suna tsorata da abin da bai kai a tsorata ba, suna kuma raina abin da yake kisa. Hayaƙi yana da yare ga wanda ya iya saurare. Baƙi yana nufin mai ya yi wa inji yawa, sau da yawa kuma maganinsa daidaitawa ce da sauya matatar iska. Mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, ringi ya ci. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, tare da ruwan lagireto da yake raguwa ba a ga inda yake zuba ba, da baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, wannan gasket ne ya ƙone, ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Duk waɗannan, har da sauke inji gaba ɗaya a ɗora wani, ciwo ne mai magani, kuɗinsu kuma sau ɗaya ake biya idan an dace da mai aiki. Muddin kayan motarka suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ba sai an aika Ladipo ta Legas an jira mako biyu ba, to gyara halal ne, sau da yawa ma mustahabbi. Wannan ne sirrin da ya sa Corolla da Golf suke daɗewa a hannun talaka: duk garin da suka mutu akwai wanda ya san su.

Ciwon da ba ya jin magani yana ƙasa, inda ba a dubawa. Ka sa a ɗaga motar ko a hau da ita kan rami, ka shiga da tocila da kanka ko da babbar rigarka za ta yi baƙi. Idan tsatsa ta cinye ƙashin motar, ko ta taɓa yin haɗari ƙashin ya karkace har tana cin taya ta gefe guda kome daidaitawar da aka yi mata, to lamarinta ya zama na rigar da zarenta ya ruɓe, wadda duk inda aka ɗora faci sai gefensa ya yage. Mai walda zai karɓi kuɗinka da fara'a, amma ba zai mayar mata da ƙuruciya ba. Haka nan idan wayoyinta sun sha hannun rewaya goma, kowa ya yanke ya ƙulla nasa, har ya zamana idan ka kunna fitila sai oda ta amsa, to wuta kake ɗauke da ita a ƙarƙashin kujera. Mota irin wannan ci gaba da zuba mata kuɗi tabziri ne, ɗaukar iyali a cikinta zuwa doguwar tafiya kuwa ina jin tsoron ya kai ga alhaki.

A kan birki da sitiyari da taya babu raha ko kaɗan. Ana iya tafiya shekara da ƙofar da ba ta buɗuwa sai ta waje, da gilashin da ake ɗagawa da hannu biyu, da rediyon da ba ya kama kome sai idan an faɗa rami. Waɗannan duka ƙana'a tana ɗaukarsu. Amma birkin da sai an taka shi sau uku ana salati, gyaransa wajibi ne kafin a sake fita, ko za a sayar da motar gobe, domin ran da ke kan titi ba naka ne kaɗai ba. Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta tsufa tana fashewa a zafin Afrilu ko da zanenta bai goge ba.

Bakanike kuwa, a gaskiya rabin hukuncin yana hannunsa, kuma akwai masu amana a cikinsu da yawa waɗanda suke aiki cikin rana da kayan aiki kaɗan. Sai dai ka san cewa "ƙaramin abu ne" a bakinsa tana iya nufin yini guda, tana iya nufin albashin wata. Kafin a kwance inji ka ji ta bakin mutum biyu, ka tafi kasuwa tare da shi a sayi kayan a gabanka, ka karɓi tsohon da aka cire. Idan ya ce zai cire abin da ke daidaita zafin inji ya jona fanka kai tsaye saboda wai ƙasarmu da zafi, ka ce ya wanke lagireto tukuna, domin injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai. In ka sami mai gaskiya, ka biya shi hakkinsa kafin ya tambaya.

Idan hisabi ya hukunta a sauya, to ka yi istihara, ka ɗauki bakanikenka, ka nufi wurin dillalai da kunne ɗaya a toshe. Za ka ji cewa motar ta wata tsohuwar Baturiya ce wadda ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa, ko ta wani Alhaji ce da ya ajiye ta a rumfa don ta yi masa yawa. In da za a tara waɗannan tsofaffin Turawa wuri guda da sun cika gari. Je ka da sassafe a tayar da inji yana sanyi a gabanka, saboda injin da aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye rabin aibinsa. Ɗaga darduma ka shinshina, domin akwai motocin da ambaliya ta shanye a Amurka aka busar aka yo jirgi da su, akwai kuma waɗanda gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya cinye musu ciki. Agogon kilomita ana mayar da shi baya, amma fedar birki da sitiyari da kujerar direba suna faɗin shekarunsu. Lambar da ke jikin mota ta dace da ta takarda, takardar kwastan kuma a tabbatar da ita kafin kuɗi ya bar hannunka.

Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka ci bashi mai riba, ko ka sayar da gona ko filin da ka tanada wa 'ya'ya, don kawai maƙwabci ya sauya mota, ko don a daina yi maka murmushi a wurin ɗaurin aure. Masu murmushin ba za su taya ka biya ba. Idan kuɗi bai kai ba, ka gyara abin da yake wajibi, ka shiga adashi, ka jira shekara. Idan ma motar ta fi ƙarfinka gaba ɗaya, ajiye ta a hau ta haya ba abin kunya ba ne ga mai iyali.

Saura ranar rabuwa. Za a ba ka shawarar ka zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙarar inji, ka shafe tsatsa da fenti, ka ce wa mai saye ko Makka za ta kai shi. Kada ka karɓa. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Risala har Muhtasar, sun bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya saya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Ka zagaya da shi ka nuna masa ciwonta ɗaya bayan ɗaya, ka gaya masa giyar da take fita da kanta da irin lallashin da take so da safe, ka rage masa kuɗi gwargwadon haka. Idan kuwa ƙashinta ya ruɓe, kada ka sayar wa mai neman abin da zai ɗauki iyalinsa. Kira 'yan gwangwan su auna ta su ba ka abin da ya sawwaƙa.