Sirrin Labu

Masu koyar da girki a Facebook sun matsa mana lamba: wai a jiƙa nama da lemun tsami, tafarnuwa da man zaitun, a sa a firij ya kwana. To, madalla. Sai dai a Ƙanƙara ko Sabuwa, idan aka ɗauke wuta tun la'asar, firij ya koma kabad, kafin gari ya waye ƙudaje sun zo gaisuwa.

Mai kilishi ba ruwansa da wannan. Saniya ta fito daga kasuwar Sheme ta Faskari, ya yanyanka jan naman fale-fale, ya shanya, sannan ya tsoma a labu, wato tunkuza da aka dama da citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, albasa da gishiri. Ya sake shanyawa, ya ɗan nuna masa wuta. Bushewa da gishiri ke sa ya daɗe bai lalace ba.

Amma tambaye shi awo ka gani.

"Baba, masoro nawa kake zubawa?"

"Yaro, na nawa zan ba ka?"

Ko ɗan cikinsa sai ya yi gemu yana korar ƙuda kafin a bar shi ya dama labu.