Modu, Hannunka ne ke Rawa ko Dokin?

Zuwa ga bawana Modu mai hoto, Babarbaren Gwiwa, wanda muka ba masauki ya mayar da shi gado. Ina gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ba sai ka durƙusa ba, yi zamanka.

Labari ya iso mini cewa a cikin wata guda ka ba da fatawa biyu masu karo da juna, duk a teburin mai shayi. Ta farko, ka ɗaga sabon gilashin kyamararka, ɗan 50mm f/1.8 ɗin nan marar zum da ka sayo a Kano, ka ce mai irinsa ba ya bukatar na'urar hana rawa, wai ta ragwaye ce da masu gilashin da ke zuwa a kwali ɗaya da kyamara. Ta biyu, da ka dawo daga hawan Sallah a Kazaure da hotunan dawaki masu ƙafa takwas-takwas, sai ka ce ai rashin na'urar ne ya cuce ka, har kana cigiyar mai sayen ragonka ka cika kuɗi ka sayo gilashi mai ita. Mutum ɗaya ya ɓata ta gaba ya ɓata ta baya, wannan sai Babarbare.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don kada ka ce Fulani ba su san adalci ba. Gilashinka mai faɗin ido ne. Wancan na kwali, 18-55, da ka jawo shi ƙarshe sai ya tsuke zuwa f/5.6, naka kuwa a f/1.8 yana shan haske kusan ninki goma na wancan. Inda wancan zai bar ido buɗe na 1/15 na daƙiƙa, naka 1/150 ya ishe shi, kuma a irin wannan ƙiftawar ko hannunka bai isa ya ɓata hoto ba. Tsofaffin masu hoto suna da ƙa'ida: lambar gilashi ita ce iyakar ƙiftawa, mai 50mm kada ya sauka ƙasa da 1/50. Canon ɗinka mai ƙaramar sansa ce, ana ninka mata lambar da 1.6, saboda haka kai iyakarka 1/80. Lissafin mai lafiyayyen hannu ke nan fa. Kai da kake karyawa da goro ka bi da shayi mai kauri, ga ka daga zuriyar da hannunta bai bar karkarwa ba tun da muka leƙa Birnin Gazargamu a 1808, sai ka ƙara a kai. Na san za ka ce Shehu Laminu ya kore mu. Wannan zancen wata rana ne.

Su kansu masu ƙera kayan sun daɗe a kan ra'ayinka. Da Canon ta fara sa na'urar a gilashin cirewa a 1995, a dogon zum 75-300mm ta sa, mai tsukakken ido, domin gilashin da ke jawo nesa kusa yana jawo rawar hannu tare da ita. Irin naka aka bar su haka nan shekara da shekaru. Sai ga shi a 2012 Canon ta fito da 35mm f/2 mai na'urar, Tamron ta biyo da 35mm da 45mm f/1.8 a 2015, a 2017 kuma Canon ta sa ta a 85mm f/1.4. Kana ganin mutanen Japan kuɗi ne ya yi musu yawa suka rasa inda za su zuba?

Ga yadda abin yake aiki, ka buɗe kunne. A cikin gilashin akwai 'yan na'urori masu jin karkata, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. Da hannunka ya goce, sai maganaɗisu ya tura wani ɗan gilashi na ciki ta ɗaya gefen, ya rama gocewar, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Matanmu sun riga Canon sanin wannan. Dubi Bafillatana ta taho kasuwa da ƙwaryar nono a ka, ƙafa na hawa kunya tana sauka, wuya yana gyara abin da ƙafa ta ɓata, ko ɗigo ba ya zuba. To amma wuyan nata bai taɓa tsayar da akuyar da ta gifta ta gabanta a guje ba. Na'urar ma hannunka take yi wa magani, babu ruwanta da motsin abin da kake ɗauka.

Saboda haka ka ɗauko hotunan hawan nan ka sake duba su. Kalli katangar da ke bayan dawakin. In katanga ta fito tas, doki ne kawai ya yi dishi-dishi, to hannunka ya kuɓuta, ƙwaƙwalwar ce ta yi laifi: ka bar kyamara a kan saitin daren jiya. Dokin da aka saki a sukuwa sai 1/1000, ko a ƙalla 1/500, kuma ranar Kazaure, ƙasar Ɗantunku, da hantsi tana ba ka wannan kyauta, ko da gilashin kwali ne. Da za ka ɗaura na'urar hana rawa goma a kyamarar nan ka ɗauki jafi a 1/60, ƙafa takwas ɗin dai za ka dawo mana da su. Haka masu rawa a gidan biki, haka yaran da ke bin makaɗa, haka 'yan dambe.

Yanzu sai fatawar farko, wadda ta fi ba ni dariya. Faɗin idon da kake tutiya da shi ba kyauta ba ne, da zurfin hoto ake biyansa. A f/1.8, in mutum yana nesa da kai da mita biyu, abin da zai fito tas daga gaba zuwa baya bai kai taƙi guda ba. Ka ɗauki kawunka a haka daga kusa, hanci zai fito, tsagen da ke kusa da kunne ya narke, ka mayar da dattijo marar asali, dangi su yi maka taro. Ga mutum ɗaya wannan ado ne, amarya ta fito fes bayanta ya yi laushi. Amma ranar da aka kira ka Korayel bayan magariba, dangin ango suka jeru sahu uku, dole ka tsuke ido zuwa f/5.6 ko f/8 in kana son na baya su gane kansu. Nan take ninki goman nan ya tafi, ka koma daidai da mai gilashin kwalin da kake yi wa dariya, kuma shi nasa yana da na'urar. Sai dai ka ɗaga ISO hoto ya yi yashi-yashi, ko ka watsa musu filasha fuska ta yi ƙyalli, bayansu ya yi baƙi ƙirin.

A nan na'urar take cin abincinta. Mai kyau tana ba ka mataki huɗu, kowane mataki ninki biyu, wato ninki goma sha shida: mai tsayawa a 1/80 zai iya sauka har wajen 1/5. Ba da mutane ba, don ɗan Adam yana numfashi yana ƙifta ido. Dattawa in sun natsu ka samu 1/30, yara kuwa ka manta. Amma jeren ɗakin amarya fa? Tukwane da kwalla da gado ba sa motsi, ɗakin ba taga, wuta ta ɗauke, uwar amarya na tsaye a kanka tana son kowane kwano ya fito. Haka duwatsun Roni da almuru, haka cikin masallaci, haka kayan kanti.

Babbar magana kuma bidiyo, wanda shi ne yake ciyar da kai, ba hoton dawaki ba. Ana ɗaukarsa hoto 25 a daƙiƙa, ƙiftawa 1/50, babu gudun da za ka yi zuwa 1/1000. Ko ka gudu ɗin, kowane hoto zai fito tas amma su riƙa tsalle a tsakaninsu. Faɗin ido ba ya maganin wannan ko kaɗan. Na kalli bidiyon kamun da ka ɗauka, sai da na riƙe bango. Wata tsohuwa a gefena ta tambaya ko a bayan babur aka yi bikin. Abin haushi, ƙawayen amarya da wayoyinsu sun fi ka natsuwa. Ka san dalili? Babbar kyamarar waya ita ma marar zum ce mai faɗin ido, wajen f/1.8 kamar taka, kuma masu tsada a cikinsu suna da na'urar, tun Nokia Lumia 920 a 2012 da iPhone 6 Plus a 2014. Abin da ka ce na ragwaye ne yana cikin jakar kowace budurwa mai babbar waya.

Sai batun rago. Bar shi ya ci dusarsa. Wancan 85mm ɗin nauyinsa giram 950 ne, naka giram 160, kuɗinsa kuwa sai an haɗa ragon da 'yan uwansa da yawa, ga shan batir a garin da caji sai an je shago. Kuma duniya ta sauya hanya: yanzu a jikin kyamara ake sa na'urar, sansar ce ke motsawa. Minolta ta fara a 2003, Sony ta sa a A7 II a 2014, Nikon a Z6 da Z7 a 2018, Canon a R5 da R6 a 2020. Ranar da Allah Ya hore maka irin wannan, ɗan gilashin naka ma, da zoben haɗi, zai samu maganin rawar ba tare da ka sake shi ba.

Kafin ranar, sayi sandar kyamara mai ƙafa uku da fitilar caji mai ƙarfi, su biyun ba za su taɓa ragon ba. Inda babu wurin kafa ta, matse hannuwanka a jikin haƙarƙari, jingina da bango ko kututturen darbejiya, ja numfashi ka riƙe sannan ka danna. Goron kuma a bari sai an tashi daga aiki.

Ku kuma jama'ar Gwiwa da Dabi da kewaye, yaron nan ya iya aiki, ba na hana ku shi. Amma duk wanda zai ɗauke shi bikin dare, ya ga mai ƙafa ukun da idonsa kafin ya ba da kafin alƙalami.