Yini Guda a Jidda da Mutanen Azare

A Makka kowa ɗaya ne. Harami ya rufe attajirin kasuwar Azare da malamin firamare na Gamawa, ba a gane mai shi da marar shi. Sai an kammala Umara, mota ta sauke ayari a Jidda da hantsi, ga jirgin Kano sai tsakar dare, sannan kowa yake komawa cikin rigarsa da halinsa. Jidda kuwa ta saba da irin wannan. Tun shekara ta 26 bayan Hijira da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da ita tashar jiragen ruwan Makka, aikinta ke nan: ta karɓi baƙo, ta sallame shi aljihu ba nauyi.

Wanda yake fara bayyana shi ne jagoran da babu wanda ya naɗa. Ya taɓa zuwa sau biyu, saboda haka "nan ai gida ne, ku dai ku biyo ni." Shi zai shige gaba zuwa Balad, tsohon garin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, inda aka gina gidaje da duwatsun da aka haƙo daga teku, aka yi musu tagogin katako masu sassaƙa. Lungunan Balad ba su san girman kowa ba. Idan ayari ya wuce shagon turare ɗaya karo na uku, wani dattijo zai ce, "Alhaji, anya ba mun bi ta nan ɗazu ba?" Jagora zai amsa ba tare da ya waiwayo ba: "Baba, reshensu ne." A ƙarshe wani yaro ɗan Takari, cikin jikokin Hausawan da suka zo aikin Hajji suka zauna, shi zai ji Hausa ta tashi ya zo ya fitar da su. Jagora zai ce dama hanyar da yake shirin bi ke nan.

A bayansa akwai mai auna komai da gida. Wannan ba ya mamaki, don ya ɗauki mamaki a matsayin zubar da girman ƙasarsu ta Katagum. A kai shi Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi Jidda a 1925. A nuna masa bishiyar ƙofar gidan, a ce masa an yi zamanin da duk Balad ita kaɗai ce, har ana kwatance da ita. Zai matsa kusa, ya tsinki ganye, ya murza, ya sansana. "Maina ce fa! Wannan da awaki ke kwana a gindinta a Azare?" A nan kam, a faɗi gaskiya, yana da hujja: maina ce. Matsalarsa ita ce nasarar tana shiga kansa. Da yamma a bakin Bahar Maliya zai tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce ruwa dai ba laifi, amma a je a ga kogin Jama'are a gefen garin Katagum cikin watan Agusta. Idan aka kunna maɓulɓular Sarki Fahad, wadda tun 1985 take cilla ruwa sama fiye da mita 250, abin da zai fito daga bakinsa shi ne, "Asara! Da a Itas ne, da an yi noman rani." A gaya masa ruwan gishiri ne, ko albasa ba za ta tsira ba. Zai ce to ka gani.

Mai lissafi bai ga teku ba, bai ga maɓulɓula ba. Idonsa na kan waya, yana mai da riyal naira. Tun 1986 riyal 3.75 ne dala ɗaya, bai motsa ba. Naira ce ke tafiyarta, shi ya sa kowane kofin shayi yake zama masa ta'aziyya. Zai sanar da jama'a mudu nawa na gero kuɗin robar ruwa zai saya a gida. Ba zai ci komai da rana ba. Da la'asar kuma shi ne za a gani ɗauke da agogon bango mai kiran salla, wanda irinsa na nan jibge a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Wurin cin abinci ne ayari yake rabewa gida biyu. Matasa za su nufi Albaik, gidan soyayyar kazar da aka buɗe a Jidda a 1974, su bi layi da haƙurin da ba su taɓa nunawa a banki ba. Wasu za su zauna a kewaye da faranti ɗaya na shinkafar buhari ko mandi, wadda ba ta yi nisa da dafa-duka ba, don haka babu gardama. Sai mai guzuri. Shi tun daga Azare ya ɗauro yajinsa, da kilishi, da garin kunu, da ƙullin kuka wadda ya tsallake da ita bincike da addu'a. Ya yarda da kifi, tunda ya san tarwaɗa da karfasa. Amma a ajiye masa jatan lande, zai ja da baya: "Subhanallahi, wannan ai fara ce ta faɗa ruwa." Malamin ayari zai tuna masa cewa a mazhabar Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. "Na ji, Malam, Allah ya ƙara sani. Halal ne, ku ci." Daga nan zai sulale neman matan Takari masu sayar da tuwo da miyar kuka, ya dawo yana sheƙi, ya ba da rahoto cewa daddawar ta yi kaɗan.

Ɗan hoto ba sai an daɗe a kansa ba. Ya juya wa teku baya tun da aka iso, yana kiran bidiyo da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. A masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa, ya ɗauki hoto arba'in kafin ya tuna bai yi alwala ba.

Akwai kuma dattijon da tun safe yake tambayar abu guda: ina tashar jiragen ruwa? Matasa suna masa dariya, don wurin yanzu katanga ce da ƙarafan ɗaga kaya da kwantenoni, ba a shiga yawon buɗe ido. Amma shi da dalilinsa. Ƙasar Katagum tana kan tsohuwar hanyar Kano zuwa Barno, wadda Bature Clapperton ya biyo a 1824, kuma ta nan mahajjata suke bi a da, da ƙafa da jakuna, su ratsa Chadi, su shiga Sudan, su yi ƙodagon auduga su tara kuɗin jirgi, su tsallako daga Sawakin. Wasu shekara bakwai, wasu ba su dawo ba. Kakansa na cikinsu. Idan ya gama ba da labarin, zai dubi masu ƙorafin cewa jirgi ya yi lattin awa uku, ya ce, "Ku dai 'ya'yan yau, Allah ya shirye ku." Bayan minti goma shi ma zai tambaya ko an ce wani abu game da jirgin.

Duk wannan yawon, Hajiya mai tsaraba ba ta cikinsa. Tun da aka sauka ta shige kasuwar Bab Sharif da takarda mai suna sittin da wani abu: kishiya, surukai, maƙwabta, malamin Islamiyya, da matar da ta yi mata kitso ranar tafiya. Ba ta jin Larabci, mai shago ba ya jin Hausa, amma da yatsu da tsaki da yin kamar za ta fita sai ta karya farashi biyu. Abaya, darduma, tasbaha, dabino, zobban azurfa, turaren wuta, duk sun shiga. Ranar hisabinta tana zuwa a daren nan, a gaban sikelin filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Kilo tara ya hau. Za ta dubi ayari ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kan mai lissafi, wanda jakarsa ba komai sai agogo.

"Ɗan nan, ai kai ɗana ne. Da uwarka muka yi makarantar allo."

Shi daga Shira yake, ita daga Chinade, ba su taɓa haɗuwa ba sai a wannan tafiyar. Zai karɓi kilo shida. Sauran ukun kuwa za ta shiga ban ɗaki ta fito da su a jikinta, abaya huɗu a kan juna, tana tafe da ƙyar tana tambaya ko an kashe na'urar sanyi ne.