Allah Ya Ƙara wa Malamin Lesin Basira

Duk mai cewa yaran Sundimina ba sa jin Turanci, to bai gifta ta ajin lesin da la'asar ba a lokacin da jarrabawar JAMB ta ƙarato. Ya zo ya ji yadda ake rera "ameliorate, exacerbate, obfuscate" da murya ɗaya, malam na dukan tebur da bulala yana ba da amo. Wannan ci gaba ya cancanci walima. A da, sai yaro ya sha wahalar karanta littafi sukutum, ya bi labari tun daga farko har ƙarshe, kafin ya tsinci kalma biyu ko uku. Yanzu an hutar da shi. Malam ya tattaro manya-manyan aikatau a 'yar takarda, an kai shagon kwamfuta a Birnin Kudu an buga, kowa ya biya ya karɓi tasa. Abin da ya rage hadda ce, mu kuwa wa ya kai mu hadda?

Hikimar malam tana wajen zaɓe. Bai ɓata wa yara lokaci da ƙananan kalmomi irin na zo, tafi, kawo, saya ba, waɗanda kowane ɗan acaɓa zai iya tsinta a tasha. Ya ɗebo waɗanda shi kansa Bature sai ya buɗe ƙamus kafin ya tuna da su. Bai kuma takura wa kowa da sanin inda ake saka su a jimla ba. Ai sanin wurin saka kalma aikin masu ƙaramin buri ne.

Ranar jarrabawar WAEC ake ganin albarkar abin. An ce a rubuta wa kawu wasiƙa mai kalma 450 a kan matsalar ruwan sha a gari. Ɗalibin malam ya gyara zama, ya zazzage takardar nan kaf a shafi biyu, kowane layi da dutsensa. Babu rijiya a wasiƙar, babu ruwa, shi ma kawun bai samu shiga ba, amma Turanci ya zuba. Idan sakamako ya fito da F9, kada kowa ya zargi malam. Hassada ce ta mai makin, wanda bai taɓa cin karo da irin waɗannan kalmomi ba. Ita ma hukumar, tun 1952 take wannan aiki amma har yau ba ta daina mugunta ba: sai ta kawo dogon rubutu ta ce yaro ya karanta, ya fahimta, ya taƙaita cikin gajerun jimloli na kansa. Yaron da ya yi wata uku yana koyon tsawaita magana za a ce wa ya taƙaita?

JAMB ma haka take. Tambaya 60 ce ta Turanci cikin 180, da yawansu kuwa sai an karanta an gane kafin a danna amsa a kwamfuta. A 2025 fiye da ɗalibai miliyan 1.5, cikin kusan miliyan 2 da suka zauna, ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Masu ƙorafi na cewa rashin littattafai ne, da cunkoson aji, da yaron da ya gama firamare bai iya haɗa baƙi ba. Malam ya fi su hangen nesa. Kalmomin ne ba su kai girma ba.

Ga misali nan a gida. Aliko Dangote ya gama Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a 1978, amma in ka saurare shi yana hira, Turancinsa salin-alin ne, kowa na ganewa. To dubi inda ya ƙare, bawan Allah: sai siminti da sukari da matatar mai a Legas. Da ya samu irin malaminmu, da yanzu ya kamo ƙafar Patrick Obahiagbon na jihar Edo, wanda a da, lokacin yana Majalisar Wakilai, in ya miƙe magana sai 'yan jarida su nemi tafinta.

Amfanin bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba. An kai wani dattijo asibiti da ciwon ciki, likitar kuwa 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, ba ta jin Hausa. Tsohon ya waiwayi ɗansa, ɗalibin malam, da alfahari ya ce, "To ɗan nan, yau ranarka ce, gaya mata." Yaro ya gyara murya ya saki aikatau uku a jere, kowanne ya fi na gabansa nauyi. Likita ta saki baki tana kallonsa. Daga ƙarshe wata mai shara da ko sakandare ba ta gama ba ta jingine tsintsiya, ta yi bayani cikin kalma biyar, aka rubuta magani. Amma duk wanda ke layin nan ya shaida wane ne mai ilimi a cikinsu.

Albishir ga iyaye: malam ya kammala kashi na biyu, na manyan siffofi, kuɗinsa ninkin na farko. Wanda bai shirya ba ya ɗaure buhun riɗi tun yanzu, ya nufi kasuwar Sara.