Yadda Kunnuwana Suka Kai Mu Maraɗi

Bikin ƙanwar matata ya tashi a Maraɗi, matar tawa kuma tana jego, sai aka haɗa ni da 'yarmu ta fari, mai shekara 5, mu wakilci gida. Daga Katsina muka hau mota, aljihuna cike da takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, da takardar haihuwar yarinyar.

A bodar Magama Jibiya wani jami'i ya dube ni, ya dubi yarinyar. "Ina uwarta? Akwai takardar amincewarta?" Na ce ranka ya daɗe, tana gida tana wankan jego. Ya ce safarar yara ta yi yawa, dole ya bincika. Ya durƙusa gabanta.

"'Yan mata, ya sunanki?"

"Ummi."

Takarda kuwa wani suna ta nuna, domin sunan mahaifiyata aka sa mata, ba mai faɗarsa a gidanmu. Ya juyo ya ce in faɗi sunan. Na buɗe baki, nauyin sunan ya riƙe mini harshe, na tsaya ina in'ina.

"Wannan fa, wane ne?" Ya nuna ni.

"Yaya ne."

Haka ta ji ƙannena suna kirana tun tana rarrafe. Zufa ta keto mini.

Na ce a kira uwarta, yanzu magana za ta ƙare. Jami'in ya buɗe murya kowa na ji. "Hajiya, yarinyar nan 'yarki ce?" Shiru. Can sai matata, da kunyar 'yar fari ta motsa mata, ta ce, "A'a, ta kakarta ce."

Direba ya fara sauke jakata.

Wata tsohuwa da muka zo tare ta tofar da goro ta matso. "Ɗan nan, cire hularka." Na cire. Ta zame wa Ummi ɗankwali. "Yallaɓai, dubi kunnuwan nan kamar faifai. Wa zai sato yarinya ya sato har da kunnuwansa?"

Jami'in ya duba nawa, ya duba nata, dariya ta ƙwace masa, ya buga hatimi. Tun ina firamare ake tsokanata da kunnuwan nan, ban taɓa cin moriyarsu ba sai ranar.

Kafin mu isa wurin jandarmomin Ɗan Isa na riga na tusa hula a aljihu, na ce wa Ummi kada ta kuskura ta ɗaura ɗankwali sai mun shiga Maraɗi.