Dubai, Garin da Kuɗi Ke Kwana a Ɗaki

Mai hassadar Dubai ya sha ruwa ya huce, don hassada ga mai rabo taki ce. Garin da a 1960 mutanensa ba su wuce dubu arba'in ba, yau sun haura miliyan uku da rabi, kuma cikin kowane goma kusan tara baƙi ne. Wannan karɓar baƙi ko a gidan biki sai haka.

Albarkar ta kankama a 2002, lokacin da aka ba baƙi izinin mallakar gida a wasu unguwanni. Ga hamada shimfiɗe a bayan gari, amma masu hikima suka ga gini a kan tudu aikin kowa ne. Sai suka yaso rairayi daga ƙarƙashin teku, suka zana bishiyar dabino a kan ruwa, suka kira ta Palm Jumeirah. Da abin ya yi daɗi, suka ƙara da tsibirai kusan 300 masu siffar taswirar duniya. Yawancinsu har yau babu mai kwana a kai, wanda hakan ma dabara ce: ina ka taɓa ganin duniyar da ba a rigima a cikinta in ba wannan ba?

Cinikin gida kuwa, dillalanmu su zo su ɗauki karatu. A Dubai ba sai an gina gida ake sayar da shi ba. Hoto za a nuna maka, ka ba da kafin alƙalami, ka sayar wa wani da riba kafin a haƙa harsashi, shi ma ya miƙa gaba. Gidan da ba a gina ba rufinsa ba ya yoyo. Gaskiya ne a 2009 farashi ya faɗi da kusan rabi, har wasu suka ajiye motocinsu a filin jirgi suka tsere wa bashi, amma ai kyauta suka bar wa gari. Abu Dhabi ta kawo ɗaukin dala biliyan 10 a watan Disamba, da Janairun 2010 ta zo kuma aka buɗe bene mafi tsawo a duniya, mai mita 828. Burj Dubai aka yi niyyar kiransa, sai aka wayi gari Burj Khalifa ne, sunan sarkin Abu Dhabi na lokacin. Wanda ya yanka rago ai shi ke raɗa suna.

Tsarin unguwanni ne ya fi burge ni, kowa da ajinsa, ba cakuɗa. Mai hannu da shuni yana Emirates Hills, ciyawa kore shar a ƙasar da ruwan shanta ma daga teku ake tace shi. A Deira, inda fatakenmu ke sauka sarin kaya, an sauƙaƙa wa ƙaramin ma'aikaci: ba sai ya kama ɗaki ba, gado kawai zai kama haya. An yanka falo da katako, an jera gadaje masu hawa biyu, kowa ya rataya tawul ya zama labulensa, akwatinsa da tukunyarsa suna ƙarƙashin gado. Mutum takwas a ɗaki ɗaya, wa zai yi kukan kaɗaici? Su kuwa leburorin Indiya da Pakistan da Bangladesh da suka ɗora benayen, an kai su can bayan gari, unguwar da ake kira Sonapur, wato Garin Zinariya. Tun da asuba bas ke kwashe su, sai dare ta maido su, don kada ganin gidajen da suka gina ya sa musu kwaɗayi.

Manyanmu ma ba a bar su a baya ba. Wani bincike da cibiyar Carnegie ta fitar a 2020 ya gano gidaje 800 a Dubai masu alaƙa da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu, kuɗinsu ya haura dala miliyan 400. Masu baƙin ciki na cewa da an gina asibitoci. Haba! A bar kuɗi a ƙasar da ba wuta, zafi ya lalata su? Can kuwa an ba su ɗaki da falo da na'urar sanyaya iska, ga mai gadi a ƙofa. Wanda ya sayi gidan dirhami miliyan biyu ana ba shi takardar zama ta shekara goma, ko da sau ɗaya yake leƙowa a shekara. Birkilan da ya yi shekara ashirin yana ɗora bulo kuwa, ranar da aikinsa ya ƙare takardarsa ta fara ƙirga kwanaki. An tausaya masa ne, ya koma ya ga iyali.

Saboda haka in ka je Dubai, ka fita da dare ka ɗaga kai. Tagogin da ka gani a duhu, kada ka ce ba kowa a ciki. Ka sassauta murya, wataƙila kuɗin rijiyar ƙauyenku ne ke barci.