Aikin Gida, Makin Yaya

A Madarunfa ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai lokacin da damman hatsi ke shiga rumbu. Don haka in mushe ya ce "aikin gida", yaro na da ikon tambaya: wanne daga ciki? Ga ɗiban ruwa, ga kiwon awaki, ga makarantar allo da almuru. Na Faransanci shi ke zuwa ƙarshe, a gidan da iyaye ba su jin Faransanci, da hasken tocilar da baba ke jira. Washegari mushe ya ba da 18 bisa 20, alhali makin na yayan da ke shirin jarrabawar BEPC ne.

Masu kare aikin gida za su ce maimaitawa ke zaunar da karatu, kuma gaskiyarsu, da tilawa ake haddace izu 60. Sai dai mai tilawa yana da malam a gefe, da ya ji ɓata zai gyara. Aikin da aka jibga wa aji cike maƙil, ya dawo ba ko ɗigon jan biro, mai sayar da kaye kaɗai ya amfana. Mushe, a ba da lissafi uku, a duba ukun.